Rufu'ar Baba Ɗigo

In ka fito ta ƙaramar ƙofar jami'a ka bi layin masu buga takardu, shago na uku a hannun dama shi ne na Baba Ɗigo, tsakanin mai gyaran agogo da matar da ke sayar da biro da fayil. Ɗaki ne wanda in mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo wuya. A ciki akwai tebur da kwamfuta, da injin fitar da takarda mai yin tari sau biyu kafin ya kama aiki, da wani katako mai ƙusoshi inda ake ɗinke kundi da allura da zare. Can saman kabad kuma tsohuwar tafiretar Larabci ce a lulluɓe da tawul. Shekara ashirin ya yi yana dukanta kafin kwamfuta ta zo ta yi mata ritaya, ita kuma ta bar masa shaida: yatsunsa manuniya guda biyu sun lanƙwashe, ba sa miƙewa ko da hanya zai nuna maka.

Karatunsa na aji bai wuce sakandaren Larabci ba. Amma kusan duk wanda ya rubuta kundin digiri da Larabci a jami'ar nan cikin shekara talatin da shida, ta hannun Baba Ɗigo ya bi, kuma shi mutum ne da ba ya iya buga abin da bai karanta ba. Nahawu, balaga, waƙa, ƙagaggun labarai, duk sun shiga ta idonsa sun fita ta yatsunsa harafi bayan harafi. Ni dai a ganina da za a matse dattijon nan, farfesa biyar za a tatsa, har a sami ragowar lakcara guda.

Doka ɗaya gare shi, kuma kowa a layin ya san ta. "Abin da aka ba ni shi nake bugawa," in ji shi. "Mai bugu ba shi da baki a aikin mutane." In ya ga kuskure a rubutunka ba ya gyarawa, ba ya kuma faɗa. Sai ya buga shi yadda ka rubuta, sannan ya ɗauki fensir ya ɗiga ɗan ɗigo a gefen layin, ƙarami kamar ƙwayar gishiri. Daga nan ya samo sunansa. An ce wani babban malami ya taɓa karɓar littafinsa mai shafi ɗari uku, ya tarar da ɗigo ɗaya tak a shafi na ɗari biyu da ɗaya. Kwana uku yana kallon layin nan bai ga komai ba. A na huɗu ya gano wasali guda ne ya sa a inda bai dace ba, wanda ya mayar da mai duka ya zama wanda aka doka. Ya taho shagon da kansa, ya gaishe da Baba Ɗigo hannu biyu, shi kuwa gogan ya tambaye shi ko yana son bango kore ko shuɗi.

Magana kai tsaye ba ta cikin kayan aikinsa. Ɗalibai har sun haɗa ƙamus na bakinsa, suna gadar wa juna. In ya ɗaga kundinka ya ce, "Rubutun hannunka yana da kyau," to ka sani babu wani abu mai kyau a ciki sai rubutun hannun. In ya ce, "Malaminka ya ga wannan?" ka koma ka sake. In kuwa ya ce, "Babin nan na uku, kamar mun taɓa gaisawa da shi," sai gumi ya karyo maka, don ya tuna kundin da ka kwafo, da shekarar da ya buga shi. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba, bai taɓa ɗaga murya ba, amma babu wanda ya taɓa fita daga shagon yana cewa bai gane ba.

Mutum ɗaya ce wannan halin bai taɓa ba ta dariya ba, wato babbar 'yarsa. A makarantar da take koyarwa Malama ake ce mata, ƙannenta suna ce mata Yaya, shi kuma Uwata yake kiranta. Tana da shekara goma sha tara takardar samun gurbin karatu a jami'a ta zo mata, a cikin watan da mahaifiyarta ta rasu ta bar ƙanne uku, autarsu tana rarrafe. Baba Ɗigo ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya sa a aljihun tebur, ya ce, "Uwata, a bari zuwa baɗi." Baɗi ta zo, ta wuce, wata ta biyo ta. Shekara tara ta yi tana wanka da wanki da raka yara makaranta, tana wuce ƙofar jami'ar nan da kwanon abincin Baba a hannu. Bai sake aure ba, bai kuma sake ɗaga maganar takardar ba ko sau ɗaya. Sai bayan da auta ta yi wayo, ita kuma ta yi aure, sannan ta nemi gurbi da kanta, ta yi digirin farko tana goyo, ta kama koyarwa. Yanzu tana da arba'in da ɗaya, tana kan kundin digiri na biyu.

Ba rigima suke ba. Duk mako tana zuwa gaishe shi, ta tambayi tarin da ya addabe shi, ya tambayi yara, su yi maganar tsadar tawada. Ba kuma biyan shekarun take nema ba, wa ke biyan shekara? Abu ɗaya take jira, ya buɗe baki ya nuna ya san abin da ya ɗauke mata. Shekara ashirin da biyu tana jiran wannan kalma. Ga shi ya haura saba'in, tarin nan yana ƙaruwa, kuma abin da take tsoro shi ne ya tafi da kalmar a cikinsa, ita kuma ta ƙarasa rayuwarta da wannan ƙullin a wuya.

Ko da gangan ko ba da gangan ba, abin da ta zaɓa ta yi bincike a kai shi ne zance cikin zance. Akwai wasu masana harshe da suka ce duk mutum biyu da ke magana akwai alkawari a tsakaninsu wanda ba a rubuta ba: ka faɗi gwargwadon abin da ake bukata, ka faɗi gaskiya, ka tsaya a kan batun da ake yi, ka fito fili. In mutum ya karya ɗaya daga ciki a gaban idonka, yana sane kana sane, to ba shirme yake ba, wata magana ce ya ajiye a ƙarƙashin wadda ya faɗa, yana so ka ɗaga ka gani. Ka tambayi mutum ko zai zo ɗaurin aure, ya ce maka motarsa tana gareji, ai ya ba ka amsa. Kuma masanan suka ce irin wannan magana tana da ƙofar baya, don in ka matsa wa mai ita yana iya cewa shi maganar mota kawai ya yi. Malama ta ɗauki wannan ma'auni ta auna hirar mutane a cikin gajerun labarai guda shida na Larabci.

Babi na huɗu shi ne zuciyar kundin, kuma a kan labari ɗaya ya tsaya. Wani masunci ne ya kori 'yarsa a kan ta auri wanda bai so ba. Shekara bakwai ba su ga juna ba. Rannan ta dawo, ta tarar da shi zaune a ƙofar gida yana gyaran ragar kamun kifi. Bai ɗago kai ba, ya faɗi kalma ɗaya. Ita kuma ta ce, "Kawo in riƙe maka bakin." A nan labarin ya ƙare.

Kalmar nan da masuncin ya faɗa ita ce gaba ɗaya rigimar. Littattafan labarai na Larabci ba a cika sa musu wasali ba, mai karatu ne ke sawa da kansa, amma kundin bincike dole ne ya nuna yadda mai shi ya karanta. Kalmar kuwa in ka sa wa harafinta na ƙarshe wasali ƙasa, sai ta zama ta'akhkharti, wato "kin makara". In ka sa masa rufu'a, ɗan lanƙwasar nan da ake ɗorawa a saman harafi, sai ta zama ta'akhkhartu, wato "na makara". Malama ko tsayawa tunani ba ta yi ba, ta sa wasali ƙasa. Uba ne fa, iyaye maza haka suke. Ta rubuta shafi goma sha shida tana nuna yadda uban ya faɗi ƙasa da abin da ake bukata don ya ɗora wa 'yar laifi, da yadda 'yar ta kauce daga batun ta koma maganar raga don ta nuna masa ba za ta ba shi haƙuri ba. Babin ya yi zafi. Farfesar da ke duba aikinta ta ce shi ne ya fi kowanne rai.

Da farko ba ta so kai wa Baba bugun ba. Ta kai wani shago a cikin gari, suka yi mata aika-aika, haruffa suka rarrabu kamar an watsa tsakuwa. Farfesa ta juya shafi biyu, ta cire tabarau ta ce, "Ke 'yar Baba Ɗigo, kike kawo mini wannan? Ranar Alhamis sha biyun rana ake rufe karɓa. Kin san inda za ki." Haka ta ɗauki rubutunta na hannu, da kwafin labaran shida don ya duba nassin, ta kai masa. Ya auna nauyin takardun a tafin hannu, ya karanta taken, ya buɗe babin da ta bayyana alkawarin nan na masu magana. Ya daɗe yana karantawa. Da ya gama sai ya ce, "Mutanen nan sun zauna da mutane." A ƙamus ɗin ɗalibai babu yabon da ya kai wannan, amma ita sai ta ji haushi, don masanan ya yaba, bai ce komai a kanta ba.

Ranar Talata da yamma ta karɓi aikin ba a ɗinke ba tukuna. Laraba da safe, a ɗakin malamai, ta zauna tana dubawa. Abin gwanin sha'awa, kowane harafi a mazauninsa. Ta ga ɗigon fensir biyu a babi na biyu, ta duba, ta ga gaskiyarsa, ta gyara. Ta shiga babi na huɗu. A shafi na sittin da biyu, inda ta fara kawo maganar masuncin, sai ta ga rufu'a zaune daram a kan harafin ƙarshe. Ta duba rubutunta na hannu, wasali ƙasa ne, ɓaro-ɓaro. Ta duba gefen layin, babu ɗigo. Ta juya shafi, ga kalmar kuma, ga rufu'a. Ta bi babin har ƙarshe tana ƙirgawa da ɗan yatsa, wuri goma sha huɗu kalmar ta fito, kuma duka goma sha huɗun rufu'a ya sa.

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ga Larabcin yana cewa "na makara", ga bayaninta a ƙasa yana ta faɗa da uban da ya ce "kin makara". Duk wanda ya karanta zai ce ba ta san abin da take yi ba. Kuma gobe sha biyu. Mutumin da ya yi wa baƙi aiki shekara talatin da shida ba kuskure, sai a kan nata tsufa zai kama shi? Ta nemi izini wajen shugabar makaranta, ta cusa takardun a jaka, ta hau mota.

Ta tarar da shi a gaban katakon ɗinki, yana huda gefen kundin wani ɗalibi. Ta gaishe shi a tsaye.

"Baba, akwai kuskure a aikina."

Mai gyaran agogo, da ke jin komai ta bangon katako, ya dakatar da abin da yake yi. Baba Ɗigo ya ajiye abin huda.

"A ina, Uwata?"

"Babi na huɗu. Na sa wasali ƙasa, ka sa rufu'a. Wuri goma sha huɗu, Baba. Kuma gobe zan miƙa."

Ya karɓi shafin, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo kamar bai taɓa ganinsa ba. Sannan ya miƙo mata.

"Mutumin nan mai raga," in ji shi, "da takalmi ya zauna?"

"Baba, ina maganar wasali kana maganar takalmi?"

"Tambaya ce kawai."

Ya koma kan hudarsa. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, maganganun shekara ashirin da biyu suka taru mata a baki, har ta buɗe shi. Sai ta rufe, ta fita, don ita ma 'yarsa ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta zauna a bencin da ke gaban shagon mai agogo.

Mai agogo ya leƙo, gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya. "Malama, shekara talatin muna maƙwabtaka, yau na fara jin kalmar kuskure a shagon nan," ya ce a hankali. "Ni dai abin da na sani, tun ranar da kika kawo aikin nan bai kunna rediyo ba. Shi ke nan abin da na sani." Ya mayar da kai ciki.

Don ta sami hujjar da za ta koma ta rufe masa baki, ta zaro kwafin labarin. Ta karanta shi ya fi sau talatin, ta haddace hirar ƙarshe. Amma a duk karatun nan sauri take ta isa wajen hirar, don nan ne aikinta. Yau ta fara daga layin farko, tana neman takalmi.

A shafi na farko marubucin ya ce masuncin yana tafiya a kan yashi, ƙafarsa ta yi faso, ta yi fari da gishiri. A na uku, ranar da ya kori 'yar, ya bi ta har bakin titi ba takalmi, duwatsu ba su dame shi ba. A na biyar maƙwabta suna yi masa ba'a cewa takalminsa guda ɗaya tun na aurensa yana rataye a ƙusa, har gizo ya yi saƙa a ciki. Ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta sauka a kan wani layi da idonta ya sha tsallakewa, layi biyu kafin kalmar. 'Yar ta iso ta gan shi zaune, raga a kan cinya, "igiyar takalminsa ɗaya ba a ɗaure ba, ga ƙunshi a gefen ƙofa."

Malama ta ɗora takardar a kan gwiwa. Mutumin da bai sa takalmi ba tun ranar aurensa, yau ya sa, ya ɗaure ƙunshi. Tafiya zai yi, wurinta zai je. Ya ɗaura igiya ɗaya, ƙarfin hali ya gaza, ya zauna ya jawo raga don hannunsa ya sami abin yi. Sai ga ta, ta riga shi. Me zai ce? Na makara. Ita kuma da ta ce ya kawo ta riƙe masa bakin, ashe ba kaucewa ta yi ba, ta ga takalmin, ta ji kalmar, ta ɗauke masa nauyin ƙarasawa.

Shekara biyu tana kan labarin nan, da ƙamus da littattafan masana, ta gabatar da shi a gaban malamai shida babu wanda ya ga takalmin. Mai karatu yana tsallake, ita ma ta tsallake, don tun kafin ta buɗe littafin ta riga ta yanke wa uban hukunci. Shi kuwa mai bugu ba ya tsallake ko ɗigo. Ta ji kunya, ta kuma ji wani irin kwarjinin tsohon nan da ba ta taɓa ji ba, shi da ta ɗauka ta gama saninsa tun tana kai masa abinci.

Tana cikin mayar da takardun jaka sai wani tunanin ya tsayar da hannunta. In gyara yake nufi, ai yana da fensir. Ɗigo ɗaya a gefen layi ya isa, haka ya yi wa babban malamin nan, haka ya yi mata a babi na biyu. Mutumin da ya ce mai bugu ba shi da baki a aikin mutane, ya sa bakinsa a nata. Ya karya dokarsa ta shekara talatin da shida, a fili, inda ya san dole ta gani, sau goma sha huɗu. Ita ce fa ta rubuta da hannunta a babi na biyu cewa wanda ya karya ƙa'ida yana sane kana sane, magana ce ya ajiye maka. Shi kuma ya karanta, ya ce mutanen nan sun zauna da mutane. Da yatsun nan biyu masu lanƙwasa ya zauna ya buga "na makara" sau goma sha huɗu a cikin littafin 'yarsa. Ya kuma bar wa kansa ƙofar baya, don in ta matsa masa zai iya cewa maganar masunci kawai yake yi.

Ta daɗe a bencin. Ɗalibai suna wucewa da fayil a hammata, matar nan mai biro tana cinikinta. Malama ta yi kuka kaɗan, ba sauti, ta goge da bakin mayafi. Wata zuciyar ta ce mata ta shiga ta tambaye shi, ta sa ya faɗa da bakinsa, ai ta cancanci ta ji da kunnenta. Ta san kuwa in ta yi haka zai dubi injin ya ce tawada ta kusa ƙarewa. Ta kuma san wannan da ya yi, a wurinsa ya fi a ce ya tsaya a tsakiyar layin ya yi shela.

Da ta koma ciki ya gama huda, ya jera kundin a tsakanin ƙusoshi, yana warware zare. Ta saci kallon ƙafarsa. Tsohon silifas ɗinsa ne na kullum, wanda aka ɗinke wa hanci da waya. Har ta kusa yin dariya.

"Na ga takalmin, Baba."

"To."

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ƙananan haruffa ne," in ji shi. Ya ci gaba da warware zaren ba tare da ya dube ta ba. Can ya ce, "Fayil ɗin yana nan a kwamfuta. In kina so in mayar da wasali ƙasa, minti biyar ne. Aikinki ne."

"A bar shi yadda ka sa. Babin ne zan sake."

Hannunsa ya tsaya. "Shafi goma sha shida ne fa, Uwata. Kuma gobe sha biyu."

"Na sani. In ka gama wannan, ni in faɗa, kai ka buga."

Ya yanke zaren da haƙori, ya ɗauki allura. Ɗinkin kundi yana son a danne bakin zaren a gefe ɗaya yayin da ake ja ta ɗayan, shi kuwa tun da ya buɗe shagon a ƙusa yake naɗe shi, don bai saba neman hannun kowa ba. Ya kai hannu zai naɗe. Malama ta ajiye jakarta a kan tebur, ta jawo kujerar masu jira ta zauna kusa da shi.

"Kawo, Baba, in riƙe maka bakin."

Shi ne ya buga wannan jimlar da Larabci sau tara a cikin babin, ya san ta kamar sunansa. Ya tsaya da zaren a hannu. Sannan ya miƙo mata, ta naɗe shi a yatsa ta danne.

Ya ɗaga allura zai zura ɗaya bakin. Ya kai, ya kuskure. Ya lashi zaren, ya murza, ya sake kaiwa, ya kuskure. Dattijon da ke zura allura yana hira ba ya ko kallo, sau uku yana kuskure kafar allurar. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya goge ido da bayan hannu.

"Hasken ɗakin nan ba shi da kirki," ya ce.

Rana ce tsaka, ƙofa a buɗe, haske ya cika shagon har kan tawul ɗin tafireta. Malama ta ƙara danne zaren.

"Wallahi kuwa, Baba," ta ce. "Ni ma ba na gani sosai."